Jiniyar Layin Zare

Ranar Talata aka zo aka shafa wa Gidan Yuniyan jan fenti, alamar nan da duk mazaunin Kaduna ya san fassararta: kwana ashirin da ɗaya, kowa ya kwashe komatsansa, katafila na tafe. Malam Zakariyya'u yana dawowa daga sallar azahar ya tarar fentin bai ko bushe ba. Ya dangwala yatsa ya duba, sannan ya tsine wa wanda ya shafa, da wanda ya aiko shi, da wanda ya sayar musu da fentin. Shekararsa sittin da tara, amma Allah bai ba shi haƙurin dattawa ba. Tun yana makanikin injin saƙa abokan aikinsa suka raɗa masa suna Ashana, don ƙyastawa ɗaya yake jira, kuma furfura ba ta rage masa komai ba.

Layin Zare titi ne guda ɗaya dogo, gidajen ma'aikatan masaƙa jere hagu da dama. Bakinsa na arewa yana fita ta wajen Makera, na kudu ta wajen Nasarawa. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye injuna, ɓarayi sun kwashe abin da ciyawa ta rage. Amma mutanen suna nan, Musulmi da Kirista, ƙofa na kallon ƙofa, a garin da kusan kowa ya riga ya tattara ya koma ɓangaren 'yan'uwansa. A tsakiyar layin Gidan Yuniyan yake, zauren ƙungiyar ma'aikatan. Ma'aikatan farko ne suka gina shi da hannunsu. Duk wanda ya tashi daga aiki sai ya biya ya ɗora jan bulo biyu, bayan ya karce lambar katinsa a jiki da ƙusa. Lambar mahaifin Zakariyya'u, ɗari huɗu da sha bakwai, tana jikin bangon gabas daidai tsayin ƙirji. A zauren nan aka yi walimar aurensa, a nan yara suke wasan Kirsimeti, a nan ake zaman makoki in gidan mamaci ya yi kaɗan. Sai kawai aka wayi gari wani mai hannu da shuni, wanda ba a taɓa ganin ko ƙeyarsa ba, ya ce filin nasa ne, gidan mai zai gina.

A kan rufin ginin akwai jiniya, irin ta hannu da ake juyawa, wadda masaƙa take kaɗawa in gobara ta tashi. Yadda ta koma can kuwa, labari ne mai ɗaci. A rikicin shekara ta dubu biyu mutanen layin sun tattaru a cikin zauren, su wajen ɗari uku, suka kulle ƙofa suna ganin sun tsira. Aka zo aka tsiyaya wa ƙofar fetur. Sojoji ne suka iso kafin a ƙyasta ashana. Daga ranar suka rantse ba za su sake cunkusuwa wuri ɗaya kamar kaji a akurki ba, suka ɗauko jiniyar daga masaƙa suka kafa ta a rufin, suka yi yarjejeniya. In jiniya ta yi kuka, maza Musulmi su ruga bakin arewa su tare duk wanda ya taho daga Makera, maza Kirista su ruga bakin kudu su tare na Nasarawa. Kowa ya tare nasa, don naka shi zai ji nauyin sararka. Mata kuma su nufi firamare su kwaso yara, naki da na maƙwabciya, su shige gida su sa sakata. Sau uku aka kaɗa ta tun daga lokacin, sau uku Layin Zare ya kwana lafiya alhali unguwannin gefe suna ci da wuta. Makullin akwatin jiniyar yana rataye a wuyan Zakariyya'u, ko wanka ba ya cire shi.

Da yammacin ranar fentin aka yi taro. Shugaban kwamiti shi ne Baba Sylvanus, tsohon sakataren yuniyan, mutumin Zonkwa, wanda inji ya taɓa murƙushe wa ƙafar hagu, shi ya sa ba ya rabo da sanda. Shekara arba'in shi da Zakariyya'u suna musu, a kan ƙwallo, a kan siyasa, a kan wa ya fi wani sanin inji, amma ba su taɓa kwana da fushin juna ba. 'Yarsa Irene lauya ce, ita ta miƙe ta yi bayani.

"Zan shigar da ƙara gobe," ta ce. "Takardun mutumin nan ba su da kai ba su da gindi. Amma da wuya alƙali ya saurare mu kafin Alhamis ta sama. In ya sa hannu a kan oda, ba mai taɓa ginin nan. Tsorona ɗaya, su ma za su ji ranar, kuma ba za su jira kwana ashirin da ɗayan ba."

"To su zo mana!" in ji Zakariyya'u daga baya. "Wane gida ne ba adda a layin nan?"

"Ashana, zauna," Sylvanus ya ce. "Abeg, zauna. Addar suke so mu ɗauka, gobe a ce 'yan Layin Zare sun tada rikici. Katafila ba ta rushe gini da mutane a ciki. Zama za mu yi, shif uku kamar da, safe da rana da dare. Kai kuma aikinka ɗaya, ka zauna. Na san shi ne aikin da ya fi ƙarfinka."

Mama Ladi, mai sayar da shinkafa da miya a rumfar da ke jingine da bangon zauren, ta ɗaga hannu. "Shif dai, Baba? To wa zai biya mu kuɗin obataim?"

Aka kwashe da dariya, har Zakariyya'u sai da ya yi murmushi cikin gemu.

Haka kuwa aka yi. Sylvanus ya rubuta sunaye ya manna a ƙofa, kowa da lokacinsa. Teloli suka ɗauko kekunansu suka dasa a cikin zauren, mata suna tsince wake suna kitso, tsofaffi suna dara. Mutanen da suka shekara ashirin ba su da wurin zuwa da safe suka dawo yin wanka da asuba, ana jin su suna yi wa juna tsiya a kan makara. Zakariyya'u shif ukun yake yi duka, har sai da matarsa Safiya ta aiko masa da tabarma da saƙon cewa in Gidan Yuniyan ya aura a gaya mata ta san matsayinta. A ransa kuwa murna ce fal, don tun da aka rufe masaƙa bai ga layin da rai irin na kwanakin nan ba.

Ranar Alhamis Irene ta fito tun ƙarfe bakwai cikin baƙar kwat. Ta biya ta zauren ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta gaida abokinsa.

"Ku riƙe mini shi zuwa sha biyu, Baba Zakari," ta ce. "Sha biyu kawai."

"Je ki, 'yata. Ko sha biyun gobe ne."

Ƙarfe tara da rabi aka ji ƙasa na rawa. Babbar mota ce ta shigo ta bakin kudu ɗauke da katafila, bas biyu na biye da ita shaƙe da samari, idanu jajaye, kowa da gora ko adda ko katako mai ƙusoshi. Ba ɗan unguwa ko ɗaya a cikinsu. Daga tashoshin mota aka tsinto su, wasu da laya a damtse, wasu da gicciye a wuya, irin mutanen nan da ba su da alƙibla sai ta wanda ya ɗauko su. Wani mai farar hular kwano da fayil a hammata ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce sunansa Mista Sam, ya ba kowa minti biyar.

Mutum sittin da 'yan kai ne a zauren, yawancinsu tsofaffi da mata. Sylvanus ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kowa ya zauna. Ku sarƙe hannuwa. Kada wanda ya rama." Sannan ya dubi baƙon. "Oga Sam, maganar nan tana gaban alƙali yau ɗin nan. Ka jira sha biyu."

"Baba, I no come for story," in ji Sam. "Saura minti huɗu."

Ko huɗun bai cika ba ya matsa gefe ya ba samarin hanya. Gorar farko a kafaɗar wani tela ta sauka, aka ji ƙara kamar an karya rake. Suka bi sahu suna duka, ba babba ba yaro. Kujerun roba suna tarwatsewa, kekunan ɗinki suna kifewa, wake ya watsu a ƙasa har su kansu suna zamewa. Aka ja wata tsohuwa da gashi aka buga fuskarta a benci. Aka taka hannun wani dattijo da takalmi mai ƙarfe, ana murzawa yana ihu. Wasu na salati, wasu na kiran Yesu, amma ba wanda ya saki hannun ɗan'uwansa. In suka fizgi mutum suka wurga shi waje ta ƙofar gaba, sai ya zagaya ya shigo ta baya, jini a fuska, ya sake zama inda aka ɗauke shi. A waje kuma samarin layin sun fara taruwa, goma, ashirin, sun tsaya a gaban katafilar sun hana a sauke ta da daɗi. Minti ashirin ana haka, 'yan daban suka fara haki, Sam ya fara duba agogo. Da an bar abin a haka, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya.

Sai wani dogo mai tabo a leɓe ya iso kan Mama Ladi, wadda hannunta na dama ke cikin na Zakariyya'u. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ɗana, kai ba ka da uwa ne?"

Ya ɗaga katakon nan mai ƙusoshi ya sauke mata a tsakiyar ka. Jini ya yi tsartuwa har cikin gemun Zakariyya'u, mai ɗumi. Hannunta ya saki, ta kife a cinyarsa. Matar da ta shekara talatin tana ƙara masa nama a ɓoye tana cewa kada ya gaya wa Sylvanus.

Nan zuciya ta ɗebe shi. Maza fiye da ɗari uku ne a layin nan, masu jini a jika, suna gareji, suna shaguna, wasu suna barcin shif ɗin dare. Ana ta kiransu a waya ɗaya bayan ɗaya, yaushe za a gama? Akwai abu guda da duk Layin Zare zai ji a lokaci ɗaya, kuma makullinsa yana wuyansa. Bai yi shawara ta biyu ba, don dama ba halinsa ba ne. Ya kwantar da Ladi a jikin matar da ke kusa, ya rarrafa ta ƙarƙashin benci, ya zagaya bayan dandamalin zauren inda tsanin ƙarfe yake a wani lungu mai duhu. Ya hau kamar ɗan shekara ashirin, ya ture murfin rufi, ya buɗe akwatin, ya kama mariƙin da hannu biyu ya fara juyawa.

Jiniyar ta fara da gurnani, sannan ta ɗaga murya ta tsaga sama. Yana juyawa yana kuka yana zagi. A ƙarƙashinsa, daga gindin tsanin, ya ji kamar ana kiran sunansa, "Zakari! Zakari!" Ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, sai ya ƙara ƙaimi.

Ƙofofi suka buɗe hagu da dama. Maza suka fito a guje, wani da singileti, wani da kumfar sabulu a kai, wani yana ɗaure wando. Zakariyya'u ya ji daɗi ya cika masa ƙirji. Sai ya ga sun juya wa Gidan Yuniyan baya. Rabinsu suka miƙa arewa, rabinsu suka miƙa kudu. Samarin da suka tare katafila suka dubi juna sau ɗaya, suka rabu biyu, su ma suka ruga. Ɗansa Kabiru yana cikinsu, ya gan shi da idonsa yana tsallake kwata ya nufi bakin Makera. Daga ƙarƙashin ƙafafunsa kuma ƙofofin zauren biyu suka yi aman mutane. Matan da aka yi minti ashirin ana duka ba su motsa ba, ga su nan suna tsere zuwa firamare, ɗankwali a hannu, suna kiran sunayen 'ya'yansu. Biyu daga ciki suna jan Mama Ladi. Tsofaffin da ko tafiya ba sa iyawa da kyau suna ɗingisawa zuwa wuraren tsayuwarsu.

Ya saki mariƙin. An ce sabo turken wawa, amma waɗannan ba wawaye ba ne. Abin da aka koya musu suka yi, kuma shi da bakinsa ya koya wa rabinsu.

"Nan! Ku dawo nan!" Ya cire hula yana kaɗawa. "Ba rikici ba ne! Ku dawo!"

Wa zai ji shi? Cikin ruɗewa ya sake kama mariƙin ya juya gajere-gajere, ko za su gane wani kiran ne daban. Sai suka ƙara gudu. Da ya ɗaga ido ya hangi nesa kuwa, sai ya gane jiniyar ba Layin Zare kaɗai ke jin ta ba. A titin Makera ana ta jan ƙofofin shaguna, masu Keke suna juyawa a tsakiyar hanya, hayaƙin taya ya fara tashi. Ta wajen Nasarawa ma haka. Daga kowane ɓangare ga ayarin samari yana haɗuwa, ƙarfe na walƙiya a hannunsu.

Bai ji hawowar biyu daga cikin 'yan daban ba. Ta kan rumfar Mama Ladi suka hayo. Ɗaya ya maka masa gora a wuyan hannu, ɗaya ya sa ƙafa ya hankaɗe shi. Ya gangaro kan kwanon rufi yana neman abin kamawa, ya faɗo kan rumfar, rumfar ta rufta da shi cikin tukwane. Ya ji ƙashin ƙugunsa ya ba da ƙara. Miya mai zafi ta kwarare masa a ƙafa, amma ko zafinta bai ji ba.

Daga inda yake kwance yana ganin komai. Sam ya leƙa cikin zauren, ya ga kujeru a warwatse da takalma ba masu su, ya fito yana dariya irin ta wanda ya tsinci dami a kala.

"Ba kowa! Oya, direba, shiga!"

Katafila ta sauko, ta yi gurnani, ta doki bangon gabas. Bangon bai faɗi a karon farko ba, masu ginin ba su yi ha'inci ba. A karo na uku ya tsage daga sama har ƙasa, ya zube. Jar ƙura ta tashi. Direban ya ja baya, ya juya bakin ƙarfen ya nufi ɓangaren dandamali.

A nan ne muryar nan ta dawo wa Zakariyya'u. Duk layin Ashana suke ce masa, ko Malam, ko Baba Zakari. Mutum ɗaya ne yake kiransa Zakari gatsau, shi ma sai in magana ta yi tsanani. Kuma da ƙafar nan tasa, ba zai iya hawa tsani ba, ba zai iya gudu ba. Ya bi shi lungun ne don ya hana shi.

"Akwai mutum a ciki!" Ya yunƙura zai tashi, ƙugun ya mayar da shi. "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya, Sylvanus na ciki! Oga Sam! Akwai mutum!"

Wani daga cikin samarin ya zo ya taka masa baki da takalmi. Katafila ta shiga bangon dandamali har wuya, rufin ya karkace, ya sauko gaba ɗaya da jiniyar da akwatinta.

Ba su tsaya kwashe ɓaraguzai ba. Ihun da ke tasowa daga bakunan layin biyu ya ishe su gargaɗi. Sam ne ya fara tsallake katangar tsohuwar masaƙa, samarin suka bi shi cikin ciyawa, suka bar motocinsu a nan. Direban katafila kaɗai suka manta, ƙarar inji ta hana shi jin abin da ake ciki.

Wajen sha ɗaya da rabi mutane suka fara dawowa. Kabiru ne ya tarar da mahaifinsa cikin tukwane. Hannunsa na hagu yana naɗe da riga, rigar ta jiƙe sharkaf, amma fuskarsa cike da alfahari, don bai riga ya dubi bayansa da kyau ba.

"Baba, mun tare su. Sun fi ɗari biyu, wai an ce musu ana yanka Musulmi a Layin Zare. Na rantse musu da Alƙur'ani, wani bai yarda ba, ya kawo mini sara. Yatsu biyu kawai na rasa. A kudu ma an fasa wa maƙwabcinmu Monday kai, amma ba wanda ya wuce. Ko mutum ɗaya bai wuce ba, Baba." Sai ya waiwaya, ya ga sarari inda bai taɓa ganin sarari ba. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Bayan dandamali," in ji Zakariyya'u, jini na fita daga bakinsa. "Ku tona bayan dandamali."

Da hannu suka tona, maza da mata, suna miƙa wa juna bulo. Sun sami Sylvanus a gindin tsanin, ƙarfen rufi ya danne masa ƙirji, hannunsa ɗaya riƙe da matakin farko. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsun. Suka shimfiɗe shi a kan benci a tsakiyar titi. Matan da suka san shi tun suna amare suka fasa kuka, na coci da na masallaci, ba a iya bambance muryar kowa.

Sha biyu saura minti goma Keke ta tsaya a bakin layin. Irene ta fito tana ɗaga takarda sama, tana gudu da takalmi mai tsini. Ta yi taku kamar ashirin kafin ƙafafunta su gane abin da idonta ya gani. Jama'a suka dare mata. Ta tsaya a gaban bencin, ba ta yi kuka ba, ta dubi fuskar mahaifinta, ta dubi tarin bulon.

"Ina mutane suke?" ta ce. "Na bar mutum sittin a ciki."

"Jiniya aka kaɗa," wata mata ta amsa.

"Wa ya kaɗa?"

Ba wanda ya gani. Kowa yana can yana gudu. Sai wani ya ce 'yan iskan ne, an ga biyu daga cikinsu a kan rufi. Wani ya ce to wa ya gaya musu sirrin jiniyar, in ba wani ne ya sayar da mu ba? Maganar ta bi taron kamar wutar kara, mutane suka fara kallon juna ta gefen ido, kallon da shekara ashirin da 'yan kai ba a yi shi a layin nan ba. A lokacin ne aka jawo direban katafila daga ƙarƙashin babbar mota inda ya ɓuya. Magidanci ne mai tumbi, ya jiƙa wandonsa. Aka rufe shi da duka.

"Wa ya gaya muku? Faɗi sunansa!"

"Wallahi ban sani ba! Ni direba ne, an ce mini ba kowa a ciki! Ina da 'ya'ya!"

Wani ya rataya masa taya a wuya. Wani ya zuƙo fetur daga bas da tiyo. Kabiru da kansa, da hannunsa mai lafiya, yana laluben ashana a aljihu.

Zakariyya'u ya san in ya yi shiru ba mai sani har abada. Mutum ɗaya ne ya gan shi ya hau tsanin, ga shi can kwance a benci. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gaban adda, tsoron idon mutanen nan da ya tsufa a cikinsu. Ya kama ƙafar rumfar da ta karye, ya ja jikinsa ya jingina, ya tattara abin da ya rage masa na murya.

"Ku sake shi. Ni ne."

Ba a ji ba sai da ya maimaita. Ya zaro igiyar wuyansa ya ɗaga, ba makulli a jiki, yana can cikin kwaɗon akwatin a ƙarƙashin ɓaraguzai.

"Ni na kaɗa. Ba wanda ya sayar da ku. Na ga an fasa wa Ladi kai, na ce bari in kira jama'a. Sylvanus ya biyo ni ya hana ni, yana kirana ina ji, ban tsaya ba."

Mai riƙe da galan ɗin fetur ya ajiye shi a hankali. Direban ya zare tayar daga wuyansa ya rarrafa gefe, ba wanda ya ko kalle shi. Kabiru ya zauna daɓas a ƙasa, ya dubi hannunsa da ke naɗe.

Irene ta tako har inda tsohon yake. Ta daɗe tana dubansa, takardar alƙali ta dunƙule a hannunta. Shi kuwa so yake ta mare shi, ta zage shi, ta ce a rataya masa tayar. Da ta yi haka da ya ji sauƙi.

"Sha biyu na ce," ta ce a hankali. "Sha biyu kawai."

Wasu samari sun fara matsowa suna huci. Ta juya ta dube su.

"Kada wanda ya taɓa shi. Babana ba zai yarda ba. Ku kai shi asibiti." Ta cire kwat ɗinta za ta rufe fuskar mahaifinta, sannan ta ƙara, ba tare da ta waiwayo ba, "Kabiru, ka gaya wa babanka kada ya zo jana'izar."

Aka ciro ƙyauren zauren daga cikin ɓaraguzai aka ɗora Zakariyya'u a kai. Mutum huɗu suka ɗauka, don ba a barin mai rauni a titi, amma har suka kai bakin layin ba wanda ya ce masa sannu.